Haukan da aka yanka wa lokaci: sharhi kan karnibal ɗin Turawa

Duk shekara in Fabrairu ya kama sai hotunan nan su fara yawo a waya, Turawa manya da gemunsu sun sa kayan wawaye suna tsalle a titi cikin sanyi, wasu na jifan juna da lemo har jini ya fita a hanci, wasu kuma sun ƙera mutum-mutumin shugaban ƙasarsu da kwali sun yi masa ƙaton tumbi suna ja a bayan tarakta. Mu dai abin da muke cewa bai wuce Allah ya shirya, waɗannan ba su da aikin yi. Ni kuwa tsarin abin ne ya daɗe yana ɗaure min kai, don a birnin Kolon na Jamus ana buɗe kakar bikin ne ranar 11 ga watan 11 da ƙarfe 11 da minti 11, ba a ƙara minti ɗaya ba a rage. A Basel ta Suwizalan kuma awa 72 cif ake yi ana bikin. To wane irin hauka ne wannan da yake duba agogo?

Bari mu fara da sunan. 'Yan jaridarmu sukan fassara karnibal da kalankuwa, kuma ba laifi tunda dai an gane, amma akwai bambanci babba. Kalankuwa bikin kaka ce, an cire amfanin gona rumbu ya cika samari na da kuɗi a aljihu. Shi kuwa karnibal yana zuwa ne a ƙarshen hunturu lokacin da abin da aka ajiye ya kusa ƙarewa, ga shi kuma azumin Kirista na kwana 40 kafin Ista ya ƙarato. A da can wannan azumin ba wasa ba ne a Turai, ba nama ba ƙwai ba man shanu, ko aure ba a ɗaurawa a coci. Ba firji a lokacin, saboda haka duk kitse da nama da ƙwan da ya rage dole a cinye shi kafin Larabar Toka, ranar da ake shiga azumin. Mafi yawan masana harshe sun tafi a kan cewa kalmar ma daga Latin ta fito, ma'anarta cire nama. Faransawa suna kiran ranar ƙarshe Mardi Gras, wato Talata mai kitse, Ingilishi kuma da yake su komai nasu a taƙaice ne sai suka tsaya a suyar fanke ranar, shi ke nan an gama biki.

In kana so ka ga abin da idonka, akwai wani zane da Pieter Bruegel ya yi a 1559, yana nan a gidan tarihi na birnin Biyana, kuma hotonsa na intanet. Dandalin gari ne, hagu gidan giya dama coci. A tsakiya ga wani ƙato mai tumbi ya hau duron giya kamar doki, ya ɗora abinci a ka a madadin hula, mashinsa kuwa ƙaton tsinke ne da aka tsire kan alade a jiki. Wanda zai kara da shi wata ramammiya ce kamar a hure ta ta faɗi, tana zaune a kujera ana jan ta, a kanta amyar zuma, makaminta kuma doguwar cebur ɗin masu gasa burodi da kifi biyu a kai. Ƙaton shi ne Karnibal, ramammiyar ita ce Azumi. Abin da na fi so a zanen shi ne mai zanen bai goyi bayan kowa ba, don a gefen giya akwai guragu na bara ba mai kallonsu, a gefen coci ana ba da sadaka amma fuskokin duk a murtuke. Kuma duk wanda ya kalla ya san wa zai ci wasan, ramammiyar ce, kowace shekara ita ke ci, tunda kalanda na bayanta.

Ci da sha dai kowa na yi. Abin da ya ware wannan biki daban shi ne juya duniya a kife. Namiji ya sa kayan mata, bara ya sa kayan maigida, a naɗa wawan gari sarki na kwana uku. Hatta cikin coci an yi wannan, don a Faransa ta tsakiyar zamani akwai bikin wawaye da ƙananan ma'aikatan coci ke yi wajen 1 ga Janairu, kuma a 1445 malaman tauhidi na jami'ar Paris sun rubuta takardar koke suna cewa ana shiga coci da fuskar aro, ana cin nama a kan bagadi ana caca a wurin, ana ƙona tsohon takalmi a madadin turaren wuta. A Ingila ma akan naɗa yaro ƙarami bishop daga 6 ga Disamba zuwa 28, ya sa kayan ya yi wa manya wa'azi, sai da Sarki Henry na 8 ya hana. Duk wanda ya taɓa jin 'yan kama sun zauna kamar malamai suna jan baƙi amma duk karatun a kan tuwo da miya ne, to ba sai an yi masa dogon bayani ba. Haka wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, sarkin na zaune yana kallo yana dariya. Ba wai wani ya kwafa daga wani ba ne fa, kawai dai duk inda aka tara girma da yawa a wuri ɗaya sai mutane sun nemi ranar da za su ɗan taɓa shi.

A Benis ta Italiya fuskar aro ce ta yi wannan aikin. Tun 1296 majalisar birnin ta mai da jajiberin azumi ranar hutu a hukumance, zuwa ƙarni na 18 kuwa mutum na iya yawo da fuska a rufe kusan rabin shekara. Akwai wadda suke kira bauta (sunan ya yi kama da kalmarmu amma ba dangantaka), fara ce mai haɓa a turo gaba yadda za ka ci ka sha ba tare da ka cire ba, tana kuma sauya murya, sai a haɗa da baƙar alkyabba da hula mai kusurwa uku, shi ke nan ba a san attajiri ba a san ɗan dako ba. Amma dubi ta mata, moretta, baƙa ce 'yar kewayayya ba ta da igiya, wani maɓalli ne a ciki mace za ta cije da haƙori ta riƙe. Wato muddin tana sanye da ita ba ta iya magana. Namiji an ba shi fuskar da zai ci ya sha ya yi surutu, mace an ba ta wadda in ta buɗe baki asirinta ya tonu. Daga nan ma ka fara gane cewa daidaiton da ake ta faɗa yana da iyaka.

To a nan ne masana suka rabu, kuma rigimar tasu har yau ba ta mutu ba. Wani ɗan Rasha, Mikhail Bakhtin, ya rubuta littafi a kan marubucin Faransa Rabelais, ya gama tun 1940 amma bai fito ba sai 1965. Shi a ganinsa karnibal rayuwa ce ta biyu ta talaka, ba mai wasa ba ɗan kallo kowa na ciki, kuma dariyar kasuwa tana kashe tsoro, tana tuna wa mutane cewa sarki ma yana zagayawa bayan gida kuma zai mutu. Ka tuna a zamanin Stalin ya rubuta wannan, a ƙasar da barkwanci ɗaya ke iya kai mutum gidan yari, shi kansa ya sha zaman gudun hijira na dole a Kazakistan, saboda haka ba mamaki ya ɗauki dariya da wannan girman. Ɗaya ɓangaren kuma suka ce malam ka cika son abin, wannan ai ɗaga murfin tukunya ne kawai don tururi ya fita kar ta yi bori. Max Gluckman da ya yi nazarin bukukuwan Zulu da Swazi a kudancin Afirka ya nuna cewa ranar da aka ba talaka dama ya zagi sarki a waƙa, sarautar ƙarfi take ƙarawa, tunda kowa ya san gobe za a koma yadda ake. Masu kare bikin wawayen coci ma tun a wancan zamani hujjarsu ke nan, wai duron giya in ba a buɗe masa iska lokaci-lokaci fashewa yake.

Ni dai ina ganin kowannensu ya kama wani sashe na giwar ne. Murfin tukunya ne, haka ne, amma wani lokacin garin ɗaga murfi hannu ke ƙonewa. A 1580 a wani gari da ake kira Romans a kudu maso gabashin Faransa, masu sana'ar hannu sun daɗe suna jin haushin haraji, su ake tatsa manya kuma an yafe musu. Da bikin ya zo sai suka fito rawa da tsintsiya da sandunan sussuka, jagoransu wani mai sana'ar tufafi da ake wa laƙabi da Paumier har fatar dabbar beyar ya yafa. Masu kuɗi su ma suka shirya nasu wasan da nasu sarkin na ƙarya, ashe a ƙarƙashin kayan wasan makamai ne na gaske, cikin dare kafin wayewar Talata mai kitse aka je har ƙofar gida aka harbe Paumier, aka bi mutanensa da kisa da rataya. Masanin tarihi Le Roy Ladurie ya yi littafi guda a kan wannan a 1979. Kuma in da abin wasa ne zalla me ya sa masu mulki ke tsoronsa? Bayan Napoleon ya rusa jamhuriyar Benis a 1797 bikin ya mutu, bai dawo ba sai 1979. Janar Franco ya haramta shi a Sifaniya a 1937 ana tsakiyar yaƙin basasa, mutanen Cadiz da suka shahara da waƙoƙin habaici sai da suka sauya wa nasu suna aka kuma ɗauke shi daga Fabrairu, bai koma lokacinsa ba sai 1977 bayan mutumin ya mutu.

Sai dai akwai dabarar da ta fi haramtawa aiki, ita ce a kafa kwamiti. Yawancin abin da muke gani yau muna ɗauka al'adar shekara dubu ce, a ƙarni na 19 aka tsara shi. Kolon ce babban misali. Faransawa sun mamaye birnin a 1794, a 1815 ya koma hannun Furusiya, wata masarautar Jamusawa, mutanen da ba su san wasa ba, bikin titi kuma ya lalace ya zama shaye-shaye da faɗa. Sai attajiran gari suka zauna a 1823 suka kafa kwamitin tsara biki, suka fito da jerin gwano na ranar Litinin mai hanya da lokaci da shugaba. Har yau wannan kwamiti ne ke riƙe da abin. Shi ke fitar da sarakunan biki uku, Yarima da Manomi da Budurwa, budurwar kuma namiji ne ƙato da kitson aro, kuma hawa wannan kujera kuɗi ake kashewa ba kaɗan ba, talaka ba ya kusantarta. Ana watsa wa jama'a alewa da cakulan wajen tan 300 a rana ɗaya, mutum kusan miliyan a bakin titi yara na ihu suna tara jaka. Akwai rundunar sojan wasa masu jar riga da ke fareti a karkace, umarni ya ce dama su yi abin da suka ga dama, har rawa suke suna goga ɗuwawu da juna, duk shaguɓe ne ga aikin soja. Ga kuma Alhamis ta mata, wadda mata masu wankau na Beuel kusa da Bonn suka faro a 1824 da suka gaji da wanki maza na can suna shagali, yau a ranar mata ke yawo da almakashi suna datse nektayin duk namijin da suka kama, har su mamaye ofishin magajin gari ya miƙa musu makulli. Ya miƙa fa, da hannunsa, yana murmushi ana ɗaukar hoto. Tawaye ne da aka sa a kasafin kuɗi.

Binche ta Beljiyam ma ta fi. Masu wasan da ake kira Gilles, kusan su dubu, sai namiji ɗan garin, a cusa musu ciyawa a riga gaba da baya su yi ƙozo, takalmin katako, ƙararrawa a ƙugu, da rana su ɗora hular gashin jimina su riƙa jifan mutane da lemo, kuma ba a rama jifan don albarka ce. Ba ya taka ko'ina sai da makaɗi a bayansa, ba ya sa kayan sai ranar Talatar, ba ya fita da su wajen gari. Dokokin sun fi na barikin soja yawa.

Yanzu ga inda ni abin ya fi damuna. In an ce yau kowa ya yi dariya, to wa za a yi wa? Bakhtin ya ɗauka dariyar kullum sama take harbi, amma sau da yawa ƙasa take dukan wanda ba shi da mai rama masa. A Roma daga 1466 zamanin Fafaroma Paul na 2 akan tilasta wa Yahudawan birnin tsere a babban titi jama'a na musu ihu da jifa, ba a daina ba sai 1668, shi ma da sharaɗin su riƙa biyan kuɗi. Zamanin Nazi a Kolon an ja motocin wasa da ke izgili ga Yahudawan da ake kora, kwamiti bai ce uffan ba, a 1938 da 1939 ma mata aka sa suka yi Budurwa don gwamnati ba ta son namiji da kayan mata. Wanda ya yi ta maza shi ne wani mai barkwanci Karl Küpper, da yakan miƙa hannu irin gaisuwar Hitler sai ya tambaya wai ruwa ake yi ne, a 1939 aka hana shi hawa dandamali. Ka ga biki ɗaya, gari ɗaya, ya haifi wannan ya haifi wancan.

Kuma maganar ba ta tsufa ba. Karnibal ɗin Aalst a Beljiyam ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2010, sai a 2019 wata ƙungiya ta fito da mutum-mutumin Yahudawa masu ƙaton hanci zaune kan buhunan kuɗi da ɓeraye. Aka yi ca, mutanen garin suka ce su fa kowa suke tsokana, Fafaroma da sarki da 'yan siyasa ba wanda suka bari, magajin gari ya ce gara a cire su da a sa musu takunkumi, a Disambar shekarar aka cire su, karo na farko da aka taɓa yi wa wata al'ada haka. A 2022 aka cire bikin garin Ath shi ma, duk da shi a Agusta ake yinsa, saboda wani ɗan wasa da suke kira Sauvage, wato ɗan daji, a lokacin Bature ne ake shafe shi da baƙi a sa masa zobe a hanci da sarƙa yana tsorata yara. Wannan kam mu ake nufi, kuma a ƙasar da ta yi abin da ta yi a Kwango zamanin mulkin mallaka. Hujjar kowa muke tsokana tana da daɗin ji, amma ko a wasan taubasai an san da wanda ake yi, Bafillatani da Babarbare in sun haɗu kowa na da bakin ramawa. Tsokanar firaminista da ke da 'yan sanda da gidan talabijin daban, tsokanar wanda aka taɓa ƙona kakanninsa ko aka sayar da su daban.

Masu zane da kiɗa kuwa sun daɗe suna ɗiba daga wannan rijiya. Goya ya zana jana'izar kifi da mutanen Madrid ke rufe bikinsu da ita, James Ensor na Ostend da ya tashi a shagon iyayensa inda ake sayar da fuskokin aro ya cika zanensa da su har ka rasa wace ce fuskar gaske. Wanda ya fi ba ni dariya Saint-Saëns ne, ya tsara kiɗan karnibal ɗin dabbobi a 1886 don raha da abokai, ya ji kunyarsa har ya hana a buga shi yana raye in ban da yanki ɗaya, sai 1922 ya fito bayan rasuwarsa, yau kuma da shi ake koya wa yaran firamare sunayen kayan kiɗa a ƙasashe da yawa.

Makaranta ita ce ta ƙarshe da ta karɓi riƙon abin, kuma ina ga ita ce ta fi kwamiti ƙarfi. A Kolon ranar Lahadi kafin babban jerin gwano ta makarantu ce da unguwanni, yara su yi makonni suna ɗinki da fenti da malamansu, a nan ne da yawansu ke koyon waƙoƙi da karin harshen garin wanda a gida an fara daina yi. A Binche ƙungiyoyin yara masu shigar 'yan barkwancin nan Pierrot da Arlequin da ta manoma kowace da makarantar da take fitowa. A Basel, garin da ma 'yan Furotesta ne ba Katolika masu al'adar ba amma suka ƙi sakin bikin, yaro na shekara yana koyon ganga ko sarewa a ƙungiyarsu don kawai asubahin Litinin ɗin nan, ƙarfe 4 daidai a kashe wutar tsakiyar gari ɗif, sai manyan fitilu masu zanen shaguɓen siyasa su taso cikin duhu da kiɗa ta kowane lungu. Amfanin a fili yake, sana'ar hannu da kiɗa da harshe ba su mutu ba, ɗan baƙo ma da iyayensa suka zo daga Turkiyya ko Siriya ya samu ƙofar shiga gari. Amma abin da malami ya sa wa maki ya daina zama na titi. Na tuna tashe muna yara, gemun auduga da tsumma a ciki muna tsoho da gemu gida-gida, daɗinsa ai ba babba a kanmu, da an ce headimasta ne zai tsara mana layi ya duba wa ya fi iya tari da rabin daɗin ya tafi. Yanzu haka a Jamus kowace shekara sai an yi cacar baki kan wace shiga ta dace yaro ya yi zuwa makarantar reno, shigar Indiyawan Amurka ta halatta ko ba ta halatta ba, iyaye na cewa an kashe wasa malamai na cewa akwai yaron da abin ke wa ciwo a ajin.

Daren Talata a Kolon akwai wani mutum-mutumin ciyawa da ake kira Nubbel, tun farkon biki yana rataye a saman ƙofar mashaya. Wajen sha biyun dare sai a sauko da shi a ɗauke shi kamar gawa da kyandir, wani ya sa kayan limamin coci na ƙarya ya fara karanto laifuka, wa ya sa muka cinye kuɗin haya, jama'a su amsa Nubbel ne, wa ya sa wane bai kwana a gida ba, Nubbel ne. Sai a cinna masa wuta a yi ta waƙa har ya cinye. Da safe masu zuwa coci su je a shafa musu toka a goshi, da rana a ci kifi, motocin shara kuma tun asuba sun fara kwashe takardun alewa.